Dabaibayin Barira

Laifin da za a ji a nan shi ne na uban da ya dubi lafiyar 'yarsa ya kira ta cuta, don kawai ta ba shi kunya a gaban manya. Irin wannan uba ba ya rasa mai taya shi. Kullum akwai tsohuwar da za ta ce haka aka gada, akwai kuma wadda ta ga komai da idonta amma al'ada ta rufe mata baki. A wata unguwa ta gefen Gadarif abin ya faru, a gidan Mijinyawa, shekarar da ya zama wakilin mashru'.

Mashru'in babbar gona ce ta wani tajiri can wajen Fashaga, irin wadda tarakta ke nomawa, ido ba ya ganin ƙarshenta. Mijinyawa ne ke zuwa kasuwa ya ɗebo lebura, shi ke tsaye a kansu daga shuka har yankan riɗi. Mutum ɗari biyu na jin tsawarsa su yi shiru. A gida kuwa yana da 'ya ɗaya, Barira, mai shekara bakwai, kuma ita tsawa ba ta zaunar da ita.

Barira ba ta san tafiya ba, gudu ta sani. In aka aike ta ɗebo gishiri a maƙwabta, ta kan katanga za ta bi. Sau biyu ana sauko da ita daga ƙolin bukka. Mai sayar da ruwa in ya shigo lungu da amalanken jakinsa, kafin ya tsaya tana zaune a kan ganga tana tambayarsa sunan jakin, da abin da ya ci, da dalilin da ya sa kunnensa ɗaya ya karye. Lambobin Larabci a jikin lorin dawa ta koye su, ba wanda ya koya mata. In ubanta ya dawo daga gona, tun motar ba ta gama tsayawa ba take ɗafe ƙofa tana ihu, "Baba! Baba, me ka kawo?"

Uwarta Sakinatu tana kallon duk wannan, ba ta cewa komai. Barira 'yar fari ce, kuma a gidan Mijinyawa ana riƙe da alkunyar da aka taho da ita tun kakanni na bin shanu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tare masa faɗa a gaban dangin miji. Shekara bakwai Sakinatu ba ta taɓa buɗe baki ta ce Barira ba. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan".

Da lokacin sa yara makaranta ya matso, makarantu biyu ne a gabansu. Akwai ta gwamnati a bakin rafin unguwa, mai fili kamar gona da itatuwan darbejiya. Malamar aji ɗaya, Ustaza Batulu, a lungunsu take zaune, kuma ta taɓa tare Sakinatu a ƙofar gida.

"Wannan iskar taku ki kawo mini ita," in ji ta. "Ina da alli da za a ɗauko, ina da ƙararrawa da za a buga. Kafin azahar za ta gaji, kuma za ta yi karatu."

Ɗayar kuwa ta kuɗi ce a tsakiyar gari, bene mai ƙananan ɗakuna, babu ko tsakar gida. Can 'ya'yan tajirai suke, har da na maigidan Mijinyawa. Tajirin ya ce masa zai sa baki a karɓi yarinyar, kuma tun daga ranar Mijinyawa ya fara tafiya da wata irin isa.

Ya kai Barira wajen mudir, wato shugaban makarantar, don ya gan ta. Ba su yi minti goma a ofis ba Barira ta sulale, ta sami igiyar ƙararrawa ta ja. Yara suka yi ta kwarara daga bene suna murna an tashi. Mudir ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

"Malesh, sai haƙuri, ya ustaz. Ka dawo da ita bayan kwana arba'in, ranar rufe rajista, tare da uwarta. In ta iya zama rabin sa'a wuri ɗaya ta amsa tambayoyina, mun karɓa."

Labarin ya kai kunnen tajiri, ya yi dariya har da riƙe ciki, a gaban direbobi. "Mutum ɗari biyu kake juyawa, ya Mijinyawa, 'yar shekara bakwai ta gagare ka?"

Da wannan dariyar ya dawo gida. Uwarsa Hajiya Atine na zaune a rumfa tana jan carbi. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta shiga ɗakinta ta fito da wata tsohuwar igiyar gashin akuya, baƙa, mai santsi saboda daɗewa a hannu.

"Mu ba a taɓa samun dabbar da ta gagare mu ba," ta ce. "Maraƙin da ya cika tsalle dabaibayi ake masa. Kwana kaɗan ya san tafiya."

Mijinyawa ya kira Barira, ya durƙusa ya ɗaure mata idon sawu biyu, ya bar tazarar taki guda tsakaninsu.

Sakinatu ta bari sai da ta kai masa gahawa ɗakinsa, inda Hajiya ba za ta ji ba.

"Malam, Ustaza Batulu ta ce a kai mata yarinyar nan. Can akwai fili. Ta ce haka take son ta."

"Makarantar 'ya'yan lebura?"

"Ni ma 'yar lebura ce. Da yankan riɗi ubana ya ciyar da ni har ka gan ni ka ce kana so."

"Shi ya sa nake son 'yata ta wuce nan. Ke ba ki san yadda ake zama da manya ba. Halas, na gama magana."

"Ƙafar mutum ce, Malam."

"Na ce halas."

Kwana biyu bayan haka ruwan farko ya sauka, baƙar ƙasar Gadarif ta jiƙe ta zama taɓo, taraktoci suka kama hanya. Mijinyawa ya tafi shuka, ya bar wa uwarsa igiya da umarni: daga safe zuwa magariba, kullum, har kwana arba'in.

Da farko Barira wasa ta mai da abin. Ta riƙa tsalle kamar kwaɗo daga rumfa zuwa randa, tana dariya, tana faɗuwa, tana tashi. A rana ta uku ta iya gudu da ƙananan taku har ta kusa cimma mai ruwa. Hajiya ta rage tsawon igiyar. A rana ta biyar aka tarar ta tsinke ta da haƙori, tana kan katanga tana yi wa yaran maƙwabta gwalo. Hajiya ta ƙulla, ta jiƙa ƙullin da ruwa don ya ƙara kamawa, ta kuma ɗaure ɗaya bakin a ginshiƙin rumfa.

"Haboba, me na yi?" Barira ta tambayi kakarta.

"Ba ki yi komai ba. Gyara ki ake yi."

"To ai ban lalace ba."

"Rufe mini baki. Ubanki ma sai da aka ɗaure shi, ga shi ya zama mutum."

Damina lokacin gumi ce. Igiyar ta ci fata, wurin ya yi ja, sannan ya ɗaye. Da rana in Hajiya ta kwanta, Sakinatu kan lallaɓo da man riɗi a murfin kwalba ta shafa mata, ba tare da ta dubi fuskarta ba. Barira kan riƙe bakin zaninta.

"Inna, kwance ni kaɗan. Zuwa ƙofa kawai in dawo."

Sakinatu kan zame zaninta ta koma madafi, ta zauna gaban kaskon kisra, wainar dawar nan mai faɗi, hayaƙi ya zama dalilin hawayenta in wani ya shigo.

A sati na biyu ta kasa. Ta durƙusa a gaban surukarta ta ce, "Hajiya, ƙafar ta fara ruwa."

Hajiya ta ajiye carbi ta dube ta sama da ƙasa. "La'ilaha illallahu. Yau ni Atine na ga zamani. Kan 'yar fari kike buɗe mini baki? A gidanku ba a koya miki kunya ba? Ni na haifi bakwai, na farkon har ya rasu ban taɓa yi masa kuka a gaban mutane ba. Tashi ki ba ni wuri."

Sakinatu ta tashi.

Tambayoyin Barira suka fara raguwa. Da can in kaza ta wuce sai ta ji inda za ta. Yanzu sai ta bi ta da ido kawai. Wata rana Hajiya ta tafi gaisuwar mutuwa da wuƙar da ake sassauta ƙullin a ɗaure a bakin mayafinta, fitsari ya kama yarinyar, ta yi shi a zaune. Da Hajiya ta dawo ta ce ai ga irin abin da ake faɗa, yarinya ba ta da natsuwa ko ta riƙe fitsari. Daga ranar Barira ta rage shan ruwa da kanta. Mai ruwa ya shigo lungu yana buga gangarsa, ya leƙo ya ce, "Ina gimbiyar amalanke? Jakina na tambayarki." Ba ta ɗaga kai ba.

A kwana na ashirin da biyar Mijinyawa ya shigo gari neman wani ƙarfen tarakta, ya biyo gida. Ba wanda ya ɗafe ƙofar mota. Ya tarar da 'yarsa zaune a tabarma, hannuwa a kan cinya, ƙafafu a haɗe. Ya tsaya yana kallonta, fuskarsa ta cika da murna.

"Ma sha Allah! Hajiya, hannunki da albarka. Ke Sakinatu, kin gani?"

"Na gani. Kwana uku ke nan rabin kisra ɗaya take ci."

"Za ta ci. Mai natsuwa ba ya cin abinci kamar fara."

"Ka ji muryarta tun da ka shigo?"

"Ita muryar ce ta jawo mana abin kunya. Saura kwana goma sha biyar, kada wanda ya taɓa igiyar nan."

Ya shafa kan yarinyar ya fita. Ba ta motsa ba.

Washegari Ustaza Batulu ta tsaya a ƙofar gida za ta wuce makaranta. Ta ce lungu ya yi shiru, ko an kai yarinyar ƙauye ne? Sakinatu ta matsa gefe. Ustaza ta leƙa, ta ga rumfa, ta ga ginshiƙi, ta ga igiya. Ta juyo wajen Sakinatu.

"Ni ba ni da ikon shiga gidan mutum," ta ce a hankali. "Amma na rubuta sunanta a littafina tun rannan, da fensir. Ba zan goge ba. Ke ce uwarta, ya Sakinatu."

Maganar nan ta zauna wa Sakinatu a ƙirji har kwanakin suka cika.

Ranar arba'in Mijinyawa ya dawo, ya sa farar jallabiya ya naɗa rawani. Ya kawo wa Barira sabuwar riga da farar safa doguwa. Hajiya da kanta ta yanke ƙullin, ta ja safar ta rufe idon sawun, ta jefar da igiyar gindin ginshiƙi. Sakinatu ta yafa mayafinta. Da za ta fita ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ta ɗauke igiyar ta soke a ƙugu.

Tajirin ya cika alkawari, ya zo ofishin da kansa, yana zaune a kujerar gefe ana ba shi shayi. Aka zaunar da Barira a benci. Mudir ya ajiye agogonsa a kan tebur ya ci gaba da hira da tajiri kan ruwan bana da farashin riɗi. Barira ba ta motsa ba. Ƙuda ya sauka a goshinta ya yi yawonsa ya tashi. Rabin sa'a ta cika, Mijinyawa ya gyara rawani ya dubi maigidansa.

"Tamam, ya yi," in ji mudir. "To, 'yata, yaya sunanki?"

Shiru.

"Sunanki nake tambaya. To, ƙirga mini daga ɗaya zuwa goma."

Idonta na kan ƙafafunta.

Ya ɗaga jan fensir. "Wannan wane launi ne?" Ya tambaya da Larabci, Mijinyawa ya maimaita da Hausa. Yarinyar da ke karanta lambar lori daga nesa ba ta ko kalli fensirin ba.

Mudir ya rufe littafinsa. "Malesh. Wannan ce kuwa ta rannan? Makarantarmu ba ta da ajin yaran da ba sa magana. Ka kai ta likita ya duba kanta."

Mijinyawa ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. "Yi magana! Yi magana, don ubanki!" Ya ɗaga hannu.

"Barira."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma hannun Mijinyawa ya tsaya a sama. Ya juya yana kallon matarsa kamar bai taɓa ganinta ba. Yarinyar ma ta ɗago kai a hankali, tana neman inda sunan ya fito, don ba ta taɓa jin sa da wannan murya ba.

"Barira," Sakinatu ta sake cewa, wannan karon kowa ya ji. "Da ke nake."

Yarinyar ta dubi uwarta ta ce, "Na'am, Inna."

Sakinatu ta durƙusa a tsakiyar ofishin ta zare safar, ɗaya bayan ɗaya. Safar ta manne da gyambon, sai da ta ja. Zobe biyu ne a idon sawun, jajaye, suna ruwa. Ta zaro igiyar daga ƙugunta ta ajiye a kan teburin mudir, kusa da agogonsa.

"Kanta lafiya lau yake, ya ustaz. Rabin sa'a ka nema, ga abin da aka saye ta da shi. Kwana arba'in a cikin dabaibayi."

"Sakinatu!" in ji Mijinyawa. "Kin yi hauka? A gaban mutane? Ina kunyarki?"

"Kunyata ce ta ɗaure ta, Malam, tare da igiyar Hajiya. Ina zaune ina kallo. Yau na ajiye ta."

Tajirin ya ajiye kofin shayinsa. Ya dubi ƙafar yarinyar, ya dubi wakilinsa, ya ce, "La haula wa la ƙuwwata." Ya tashi ya fita ba sallama.

Sakinatu ta kama hannun 'yarta. "Tashi, Barira. Mu je."

"In kika fita da ita, kada ki dawo mini gida."

"Na ji."

A ƙafa suka tafi, cikin taɓo, takalman yarinyar a hannun uwar. A hanyar ne Sakinatu ta ga abin da ya fi gyambon ciwo. Babu igiya, amma Barira na tafiya da ƙananan taku, daidai tazarar dabaibayi, ba ta wucewa. Sakinatu ba ta ɗauke ta ba, ba ta kuma ce ta yi sauri ba. Ta rage nata takun suka jera, tana kiran sunan a kai a kai kamar mai biyan abin da ta daɗe tana riƙewa. Barira, ga lori can. Barira, lamba nawa ce a jikinsa? A lori na uku yarinyar ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Bakwai. Da huɗu."

Suka isa makarantar bakin rafi ana dab da tashi tara. Ustaza Batulu ta fito daga aji da alli a hannu. Ta dubi ƙafafun, ta kau da kai na ɗan lokaci, sannan ta tsuguna.

"Ke ce Barira? Kin makara, tun rannan nake neman mai buga mini ƙararrawa. Kin gan ta can?"

Ƙararrawar tsohon faifan garmar tarakta ne, an rataye shi a darbejiyar da ke can ƙarshen fili. Ustaza ta miƙa mata guntun ƙarfe.

Barira ta dubi uwarta.

"Je ki," in ji Sakinatu.

Ta fara da ƙananan takun nan, ɗaya, biyu, har goma. Sai ta tsaya ta dubi ƙafafunta. Ta miƙa ɗaya gaba fiye da yadda ta saba, ba abin da ya riƙe ta. Ta miƙa ɗayar. Kafin ta kai tsakiyar fili gudu take yi, da ɗingishi, taɓo na fantsama a sabuwar rigar. Ta buga faifan sau ɗaya, sau biyu, ta ci gaba da bugawa har sai da Ustaza ta aika a karɓe ƙarfen. Yara suka fito, ita kuma tana tsaye tana dariya da baki buɗe.

Daga nan gidan ubanta Sakinatu ta wuce, wajen tsoho Mudi mai yankan riɗi. Sau uku Mijinyawa na neman biko. A na ukun ya zo da kansa. Mudi ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, ya saurare shi yana cewa don alherin yarinyar ya yi, kuma uwa ce ta ba shi shawara, kuma kowa haka aka yi masa. Da ya gama, Mudi ya ce, "Ni jakin da nake haya ma ina kwance shi da azahar. Sha ruwanka."

To ga abin da Mijinyawa ya rasa, a lissafa shi yadda yake. Makarantar benen da ya yi duk wannan dominta ba ta karɓi 'yarsa ba. Tajirin bai kore shi ba, amma bai sake kiransa ya zauna shan shayi ba, a tsaye yake ba shi umarni, kuma a kasuwar dawa har lebura sun san labarin igiyar da aka ajiye a teburin mudir. Matarsa ta yi damina da kaka a gidan ubanta, aka yanke riɗi aka casa dawa ba ta dawo ba. Hajiya Atine ce ke hura masa wuta, da ciwon gwiwarta, tana ta cewa yaran zamani ba su da kunya.

Sai asara ta ƙarshe. Barira ta warke, tabon ya bushe. Ta zo ta biyu a ajinta, ita ke buga ƙararrawa, an kuma sauko da ita daga darbejiyar makaranta ba sau ɗaya ba. Tana bin amalanken mai ruwa da gudu, tana damun kakanta Mudi da tambaya har ya toshe kunne. Amma duk ranar da motar Mijinyawa ta tsaya a ƙofar gidan Mudi, ya fito da alewa a hannu yana kiran sunanta, duk inda take, ko a tsakiyar wasa ne, sai ta nemi wuri ta zauna. Ta haɗa ƙafafunta, ta ɗora hannuwa a kan cinya, ta sunkuyar da kai. Ba ta motsi, ba ta cewa Baba, har sai ta ji ƙarar motar ta bar lungu.